Prado mai layi uku: na je saye, na dawo da kuɗina

Mu goma sha ɗaya ne a gidana nan Wad Madani, har da tsohuwata da jikoki biyu. Duk sallah sai mun tafi Mai Wurno, garin kakanninmu da ke bakin Shuɗin Nilu kusa da Sennar, wanda Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Da can da boksina muke tafiya, wato Hilux ɗin da nake ɗaukar albasa da riɗi, mata a gaba, yara a baya bisa buhuna. A Disamba 2023, da yaƙi ya shigo Madani, wasu masu bindiga suka tsayar da mu a hanya, suka karɓe ta. Da ƙafa muka ƙarasa ƙauye.

Tun da gari ya dawo hannun soja a Janairu 2025 nake tara kuɗin mota. Tsohuwa ba ta iya hawa bayan boksi kuma, shi ya sa raina ya kwanta da mai layi uku.

Wani dillali ya kawo mini Prado fara, ƙirar 2008, mai shan dizal. Wallahi ta yi kyau. Wanda ya san ƙasar Jazira da damina ya san amfanin mota mai ja da ƙafa huɗu: baƙin laka ne, in ka sauka daga kwalta ka bi gefen magudanan ruwan gona, ƙaramar mota nan za ta kwana. Kayan gyaran Toyota kuma ba sa wuyar samu kamar na wasu.

Na kira usta, makanikena na shekara ashirin. Ya buɗe layin baya, ya ce, "Alhaji, shiga ka zauna." Na shiga, gwiwoyina suka kusa taɓa haɓata. Wurin yara ne kawai. In kuma an buɗe kujerun, buhu ɗaya ba zai shiga bayansu ba, sai dai a ɗaura a sama. Mutum bakwai ko takwas take ɗauka, mu kuwa sha ɗaya. Kuma mai za ta sha ko da mutane ko babu, alhali kwana biyar cikin bakwai kaya nake ɗauka, ba iyali ba.

Duk wannan da na haƙura da shi. Farashin ne ya tsaya mini a rai, ya yi sauƙi fiye da kima. Na nemi takardu, dillali ya ce sun ƙone a yaƙi. Usta ya kwanta ƙasa da tocila ya duba lambar shasi, ya taso bai ce komai ba, sai da muka keɓe ya ce an goge wurin an sake bugawa. Tun kafin yaƙi muna da motocin da ake shigowa da su ta Libiya ba kwastan, waɗanda mutanen nan ke kira boko. Yanzu ga na sata sun ƙaru a kansu. Ka saya, ranar da mai ita ya gane ta a wani shinge, mota ta tafi, kuɗi sun tafi, ga zaman amsa tambayoyi.

Da dare na faɗa wa uwargida. Ta ce, "Baban Hafsatu, yanzu haka tamu ma wani na can yana tayawa." Ban ba ta amsa ba.

Da safe na ce wa dillali ya zo da mai motar mu je ofishin 'yan sandan hanya a duba lambar, in ta fita, a take zan tura kuɗi ta Bankak. Sati uku ke nan wayarsa a kashe. Sallar bana ƙaramar bas muka yi shata, tsohuwa a gaba kusa da direba. Usta kuma yana nema mini boksi mai ƙofa huɗu, mai takardunta.