Gawo Da Baƙin Itatuwa

Mu mutanen Masama mun san gawo. Da damina, sa'ad da sauran itatuwa suka yi kore shar, shi sai ya kaɗe ganyensa. Ganyen nan ya ruɓe ya zama taki, ga shi babu inuwar da za ta danne shuka. Da rani kuma ya yi ganye, ya yi 'ya'ya. Shanu su zo su ci, su kwanta a inuwarsa, su bar kashi. A saiwarsa ma akwai waɗansu ƙwayoyi da ido ba ya gani, suna jawo abincin shuka daga iska. Shi ya sa geron gindin gawo ya fi manyan zangarniya.

Amma ba kowane itace ke yin haka ba. A kan tsaunukan Jos, ma'aikatan gandun daji sun dasa wani baƙon itace don katako, ana ce da shi fain. Ganyensa siriri ne kamar allura, ba ya ruɓewa da wuri. Sai ya taru ya lulluɓe ƙasa, ciyawar kiwo ta kasa fitowa. Yau da gobe, ƙasar ta yi tsami. In kuwa ƙasa ta yi tsami, ko an zuba mata takin zamani shuka ba ta iya morarsa duka. Kamar mai ciwon baki ne aka ajiye wa tuwo.

Fain ba ya yi a ƙasarmu ta Gwandu, don ruwan sama bai ishe shi ba. Namu baƙon shi ne turare, ɗan asalin Ostiraliya. Yana girma da sauri, yana ba da sandunan rufi da itacen wuta. Sai dai shan ruwa gare shi, ganyensa kuma yana hana tsiro. Mun ga wanda ya jera shi a bakin fadama, albasar da ke kusa ta ƙi yin kai.

To, yaya za mu yi? Turare a kai shi fako ko bakin hanya, nesa da shuka. Gawo kuwa wurinsa tsakiyar gona. In mun zo sassabe muka tarar da kututturensa ya yi toho, kada mu sare duka. Mu bar reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi su tashi. Manoman ƙasar Maraɗi sun kama yin haka tun 1983, suna kiransa sassaben zamani. Gonar da ta riga ta yi tsami kuma, a watsa mata toka da takin dabbobi kafin huɗa.