Farantan Turai masu ruwan azurfa: abin da ya kamata ɗan kasuwa ya sani

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

'Yan'uwa, a cikin kayan gwanjo da ake saukewa a tashar jirgin ruwa ta Lome, mukan ci karo da faranti ko allon ƙarfe mai ƙyalli, da surori masu tudu: mace mai hular yaƙi, dattijo mai mashi baki uku, jariri mai fukafukai riƙe da baka. 'Yan kasuwarmu na Zongo da Bè sukan saya, su sayar wa Turawa da sunan tsohuwar azurfa.

Mafi yawansu ba azurfa ba ne. Tagulla ce ko jan ƙarfe da aka yi wa ruwan azurfa da lantarki. Kamfanin Elkington na Birmingham a Ingila ya yi rajistar wannan dabara a 1840, Christofle na Faransa ya sayi izininta a 1842, WMF na Jamus ma ya ƙera irinsu da yawa. Ruwan bai kai kaurin takarda ba, shi ya sa jan ƙarfen kan leƙo a inda hannu ya yawaita gogawa.

Mu juya bayan kayan mu duba hatimi. EPNS na nufin ruwa ne kawai. Lambar 925 ko 800 tana nuna azurfa ta gaske. Jamusawa kan haɗa da jinjirin wata da kambi tun 1888.

Surorin kuwa ba ado ba ne kurum. Mai hular ita ce Minerva, mai mashin Neptune, jaririn Cupid: gumakan da Rumawa suka bauta wa, Girkawa kuma da wasu sunaye. Abin mamaki, kan Minerva ɗin ne hatimin azurfar Faransa tun 1838.

Hadisin Jabir a Buhari da Muslim ya hana cinikin gumaka. Malamanmu na Malikiyya sun tsananta kan surar mai rai idan tana da inuwa kuma gaɓoɓinta sun cika. Zane mai tudu yana tsakanin mutum-mutumi da hoton takarda, don haka a kai shi gaban malami ya gani da idonsa. Kwano mai ruwan azurfa ma, zance biyu ne a kansa cikin Muhtasar na Halil.

Wanda babu saɓani a kansa shi ne algus. Duk wanda ya ga EPNS ya ce wa mai saye azurfa ce zalla, kuɗin da ya karɓa haram ne, ko mai sayen Musulmi ne ko Bature ɗan yawon buɗe ido.

Allah ne mafi sani.