Zazzaɓin da Ya Kai Kwana Biyar, da Abin da Jini Ke Faɗa Kan Zuciyar Yaro

A unguwar Kakuri ko Barnawa, idan jikin yaro ya yi zafi, hanyar sananniya ce. A je kemis a karɓo maganin maleriya, in bai sauka ba a ce taifot ne. In ƙuraje suka feso, kaka ta ce baƙon dauro ne. Akwai cutar da ke laɓewa bayan waɗannan sunaye, ana ce mata Kawasaki. Ba babur ba, sunan likitan Japan ne, Tomisaku Kawasaki, wanda ya bayyana ta a 1967.

Kumburin hanyoyin jini ne, galibi a yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Zazzaɓi ya ƙi sauka, idanu su yi ja amma babu kwantsa, leɓe ya tsattsage, harshe ya yi jajir, tafin hannu da ƙafa su kumbura, kaluluwa ta fito a wuya. Daga baya fatar yatsu ta riƙa saɓulewa.

Tashin hankalin yana jijiyoyin da ke shayar da zuciya. In ba a yi magani ba, kusan yaro ɗaya cikin huɗu bangon jijiyar nan zai saki ya kumbura. Zazzaɓi ya tafi, yaro ya koma wasa a tsakar gida, uwa ta yi hamdala, alhali ɓarnar tana ciki.

Nan gwajin jini ke da rana. CRP da ESR suna nuna ƙarfin kumburin. Raguwar sinadarin albumin da ƙarancin jini suna sa likita ya ƙara sa ido, ƙwayoyin daskarar da jini kuma sukan yi yawa a mako na biyu. Akwai NT-proBNP, wanda zuciya ke fitarwa idan ta wahala. Babu ɗayansu da ke yanke hukunci shi kaɗai, sai an haɗa da hoton zuciya na eko.

Maganin da ake ƙarawa ta jijiya, IVIG, yana da tsada, amma in aka ba da shi cikin kwana goman farko yana rage haɗarin zuwa kusan kashi 4 cikin 100. Don haka a ƙirga kwanaki tun daga ranar da zazzaɓin ya fara. A kwana na biyar a nufi asibitin Gwamna Awan ko St. Gerard, a nemi ganin likitan yara, in ta kama a tura ku asibitin Barau Dikko ko na Shika. Asfirin kuwa, da shi ma ake bayarwa a wannan cuta, likita ne ke tsara shi, kada a saya a ba yaro a gida.