Ba sai ka yi sata ba ake cin ka tara a kan manhaja

Duk lokacin da aka ji an maka wani kamfanin kwamfuta a kotu kan haƙƙin ƙirƙira, sai ka ji ana cewa ai sata ya yi, asirinsa ya tonu. Wannan fahimta tana damuna. A dokar Amurka, takardar mallakar ƙirƙira dabara take karewa, ko da wanda ake ƙara bai taɓa ganin aikin mai takardar ba. Kamar a ce wani ya yi rajistar ɗaura wa guga igiya ne: ka haƙa rijiyarka, ka saƙa igiyarka, amma duk ɗiban da ka yi sai ka biya shi.

Shari'ar Eolas da Microsoft ta isa misali. A 1994 Michael Doyle da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya suka nemi takarda a kan dabarar da ke sa wata manhaja, irin mai kunna bidiyo, ta yi aiki a cikin shafin intanet. Aka ba su a 1998, Eolas, kamfanin Doyle, ya shigar da ƙarar Microsoft a 1999, a 2003 kuma kotu a Chicago ta ce Microsoft ya biya dala miliyan 521.

Masu amfani da Internet Explorer, manhajar Microsoft ta buɗe shafukan intanet, su ne suka sha wahalar. Daga 2006 sai mutum ya fara danna bidiyo ko wasa don ya "tashe" shi kafin ya iya sarrafa shi, ba don wani amfani ba, sai don kauce wa takardar. A 2007 Eolas da Microsoft suka sasanta.

Abin haushin shi ne Pei-Yuan Wei, wani ɗalibi a Berkeley, ya riga ya ƙera manhajar ViolaWWW mai irin wannan aiki tun farkon shekarun 1990. Tim Berners-Lee, wanda ya ƙirƙiro yanar gizo, ya rubuta wa ofishin rajistar ƙirƙira a 2003 yana neman a sake duba takardar. Duk da haka Eolas ya ƙara kai kamfanoni fiye da ashirin kotu a 2009, har da Google da Amazon. Sai a 2012, bayan Berners-Lee ya je Texas ya ba da shaida da kansa, aka soke takardar.

A ganina, ofishin da ya buga hatimi bai bincika abin da ya gabata ba shi ya fi kowa laifi.