Gyaran tsohuwar jitar lantarki

Gyaran tsohuwar jitar lantarki aiki ne na farfaɗo da jitar da ta tsufa ko ta lalace domin a ci gaba da kaɗa ta, ba tare da an ɓata kamanninta na asali ba. Wasu na yin sa a matsayin sana'a, wasu kuma don sha'awa a lokacin hutu, musamman a Amurka, Turai da Japan. Babban abin da mai gyara ke aunawa shi ne iyakar da zai tsaya, domin duk sashen asali da aka sauya yana rage wa jitar daraja a tarihi da kuma a kasuwa.

Tarihi

Jitocin da aka fi nema su ne waɗanda aka ƙera a Amurka a shekarun 1950 da 1960. Kamfanin Leo Fender, wanda a lokacin yake Fullerton a jihar Kalifoniya, ya fitar da jitar da aka sa wa suna Telecaster a 1951, sannan Stratocaster a 1954. Kamfanin Gibson, wanda a lokacin yake Kalamazoo a jihar Michigan, ya fitar da Les Paul a 1952. Bayan CBS ta sayi Fender a 1965 an yi ta sauya kayan aiki da tsarin ƙira, shi ya sa masu tara jita suka fi daraja waɗanda aka yi kafin wannan shekara.

Binciken farko

Kafin a taɓa komai ana ɗaukar hoton kowane sashe, sannan a tantance shekarar ƙira. Lambar da ke jikin jitar ba ta isa hujja ita kaɗai ba. A tsofaffin jitocin Fender ana rubuta kwanan wata a gindin wuya, wanda sukurori huɗu ke riƙe da shi. Maɓallan ƙara da rage sauti ma suna da lamba a bayansu. Misali, 1376542 na nufin kamfanin CTS ne ya yi maɓallin a mako na 42 na shekarar 1965. Wannan bincike ne ke nuna sassan da aka riga aka sauya.

Wuya

Tsirkiyoyi shida na jan wuyan jita dare da rana, don haka yakan lanƙwashe. A cikinsa akwai sandar ƙarfe da ake murɗawa don miƙar da shi. Ana murɗa ta kaɗan-kaɗan, bai wuce rubu'in zagaye a lokaci guda ba, saboda sandar da ta yi tsatsa na iya karyewa. Ƙarafan da ke jere a kan wuya, 21 a tsohuwar Stratocaster da 22 a Les Paul, suna cinyewa saboda gugar tsirkiya. Idan cinyewar ba ta yi nisa ba sai a goge su su daidaita, idan ta yi nisa sai a cire su a sa sababbi. Jitocin Gibson sun yi suna wajen karyewa a mahaɗar kai da wuya idan suka faɗi, kuma ana haɗa wurin da gam na katako. Bushewar iska na sa katako ya tsuke, shi ya sa ake ajiye jita inda danshi yake tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari.

Kayan lantarki

Na'urar ɗaukar sauti maganaɗisu ce da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe sau dubbai. Ana auna ta da mita don a gane ko wayar ta tsinke. Wadda ta mutu ana iya sake naɗa ta, amma farashinta ba zai kai na wadda ba a taɓa ba. Ƙarar da maɓalli ke yi idan an murɗa shi yawanci datti ne ke jawo ta, kuma feshin wanke kayan lantarki kan magance ta. Masu saye na duba hatta liƙin dalma na asali, don haka ba a narkar da shi sai dole. Duk abin da aka cire ana adana shi tare da jitar.

Fenti

Tsofaffin jitoci an shafe su ne da fentin naitiroselulos, wanda ke komawa ruwan ɗorawa yana kuma tsattsagewa idan ya daɗe. Masu tara jita ba sa ɗaukar wannan a matsayin aibi. Kankare fentin da samfefa a sake wani shi ne kuskure mafi tsada, domin ba a iya dawo da na asali, kuma dillalai kan zabge kusan rabin farashin. Ana sake fenti ne galibi idan wani ya riga ya kankare na farko.

Daraja da doka

Stratocaster ta 1961 ta mawaƙin Ireland Rory Gallagher, wadda yawancin fentinta ya goge, an sayar da ita a gwanjon Bonhams a Landan a 2024 kan fam 700,000 kafin a haɗa kamasho. Sha'awar kamannin tsufa ta kai Fender ya fara sayar da sababbin jitoci da aka tsufar da gangan a 1995. Ta fuskar doka, katakon rozwud na Brazil da ke wuyan jitoci da yawa na wancan zamani ya shiga jerin farko na yarjejeniyar CITES a 1992, saboda haka sayar da irin wannan jita zuwa wata ƙasa na buƙatar takardar izini.