Ƙwayar da Ke Tsare Maigida daga Aman Jini

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwa ya wadata a gonakin Kura da Bunkure da Kadawa, rani da damina. Shinkafa da tumatir sun samu, amma dodon koɗi shi ma ya sami mazauni, shi ne kuwa mai renon tsutsar tsargiya.

Kowaccenmu ta san tsargiyar fitsarin jini. To, akwai wata ta hanji, wadda ba ta da hayaniya. Ƙwayayen tsutsar sukan maƙale a hanta shekara da shekaru, har hanyar jinin da ke zuwa daga hanji ta ƙuntata. Kun dai ga abin da ruwan gona kan yi in an toshe babbar hanyarsa: sai ya danno cikin ƙanana, ya cika su har su ɓalle. Haka jinin nan yake kumbura jijiyoyin da ke ƙarshen hanyar abinci, daf da tumbi. Ran da ɗaya ta fashe sai aman jini, ko bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta. Ba sammu ba ne, kada a zargi kishiya.

In likita ya leƙa ciki da na'ura ya ga jijiyoyin sun kumbura, yakan ba da wata 'yar ƙwaya, propranolol. A 1981 likitocin Faransa suka nuna tana rage fashewar nan, watau tana sassauta bugun zuciya, jini ya daina dannowa da ƙarfi. Ba ta kashe tsutsa, wannan aikin praziquantel ne.

Ga inda aikinku yake. Kullum ake shanta, ko da maigida yana jin kansa garau. Maza kuwa, kun san su, da sun ji sauƙi sai su cusa magani a aljihun tsohuwar riga. Kada ki bari ta ƙare, don yanke ta farat ɗaya haɗari ne. In yana da asma, ko jiri ya dame shi, a gaya wa likita. Ki hana shi asfirin da diclofenac na kemis, suna tsokano zubar jini.

In kuwa kin ga jini a amai, ko cokali guda ne, kada ki tsaya haɗa jiƙo. A nemi mota, sai asibiti.