Yadda "google" ta shiga ƙamusun Turanci

Wa ke ba kalma izinin shiga ƙamus? Bakin jama'a ne. Masu rubuta ƙamus ba sa ƙirƙirar kalma, bin sawunta suke yi. Sukan tara misalai daga jaridu da littattafai da shafukan intanet, su duba ko ta yaɗu, ta daɗe, kuma ma'anarta ta zauna.

Mu ɗauki "google". An kafa kamfanin Google a 1998. Cikin 'yan shekaru masu jin Turanci suka mayar da sunan aikatau, ma'ana neman bayani a intanet. A 2006 ƙamusun Oxford da na Merriam-Webster suka shigar da ita.

Sai dai abin ya zo wa kamfanin da fargaba. A dokar Amurka, idan sunan kaya ya zama na kowa, kamar yadda muke kiran kowane garin sabulu Omo, mai shi na iya rasa mallakarsa. Haka kamfanin Otis ya rasa "escalator", matakala mai tafiya da kanta, a 1950. Shi ya sa Google ke roƙon kada a yi amfani da kalmar sai in da injinsa aka yi binciken.